Idan Ƙasa Ta Fi Wata Iya Komai, Me Zai Sa Su Yi Ciniki, Kuma Wa Ke Yanke Farashi?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin tattalin arziki ne. An koya mana cewa ko da wata ƙasa ta fi wata iya samar da kowane irin kaya, duka biyun za su amfana idan suka yi ciniki. Na haddace, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Me mai ƙarfi zai samu a wurin mara ƙarfi? In kuma sun yarda da musayar, wa ke yanke cewa kaya kaza daidai yake da kaya kaza?

Amsa: Na ji daɗi da ka haɗa tambayoyin nan biyu wuri ɗaya, domin a aji an fi daɗewa a kan ta farko, a wuce ta biyu da gudu, alhali ta biyun ce ke nuna wanda zai kwashi kaso mai tsoka. Rashin kwanciyar zuciyar taka kuma yana kan hanya. Masanin tattalin arziki Paul Samuelson ya taɓa ba da labarin yadda masanin lissafi Stanislaw Ulam ya ƙalubalance shi da ya kawo magana ɗaya tak daga ilimin zamantakewa wadda gaskiya ce, kuma ba a gane ta da kallo ɗaya. Amsar da Samuelson ya samo daga baya ita ce wannan ƙa'ida da ta tsaya maka a rai. Saboda haka ka ajiye haddar, ka ɗauko biro da takarda, mu yi lissafin tare.

Mu ƙirƙiro ƙasashe biyu, mu kira su Tudu da Kwari. Kaya biyu kawai suka sani, alkama da ƙarfe. A Tudu, ma'aikaci ɗaya a shekara yana iya noma tan 12 na alkama, ko kuma ya narka tan 6 na ƙarfe. A Kwari, ma'aikaci ɗaya tan 8 na alkama yake iyawa, ko tan 2 na ƙarfe. Ka ga Tudu ta fi Kwari a gona, ta fi ta a masana'anta. Wannan shi ne cikakken fifiko, kuma a nan ne hankalin yawancin mutane yake tsayawa, su ce to Tudu ta rufe ƙofarta ta yi komai da kanta mana.

Abin da ake mantawa shi ne taura biyu ba ta taunuwa. Ma'aikacin da Tudu ta tura masana'anta ya bar gona ke nan. Duk shekarar da ya fitar da tan 6 na ƙarfe, ƙasar ta haƙura da tan 12 na alkama. Wato kowane tan ɗaya na ƙarfe yana cin wa Tudu tan 2 na alkama. Yi wa Kwari irin wannan lissafin: tan 2 na ƙarfe a madadin tan 8 na alkama, wato kowane tan na ƙarfe yana cin mata tan 4. Juya kuma ta ɗaya gefen. Tan ɗaya na alkama yana cin wa Tudu rabin tan na ƙarfe, a Kwari kuwa rubu'i kawai yake ci. Ga abin ya fito fili: ƙarfe ya fi araha a Tudu, alkama ta fi araha a Kwari, in dai da abin da aka haƙura da shi ake auna tsada. Wannan shi ake kira fifiko na kwatance. Kuma lura da wani abu mai muhimmanci: ba yadda za a yi ƙasa ɗaya ta riƙe wannan fifiko a kan kaya biyun duka. In ƙarfenka ya fi araha a ma'aunin alkama, dole alkamarka ta fi tsada a ma'aunin ƙarfe. Lissafin ɗaya ne aka kifa. Shi ya sa babu ƙasar da ta kai lalacewar da za a ce ba ta da abin sayarwa.

Yanzu a ce an buɗe iyaka, ana ba da tan ɗaya na ƙarfe a kan tan 3 na alkama. Ma'aikacin Tudu da ke son alkama yana da hanya biyu: ya noma ya samu tan 12, ko ya narka tan 6 na ƙarfe ya musanya ya samu tan 18. Ma'aikata uku a Kwari da ke son ƙarfe su ma hanya biyu gare su: su narka su samu tan 6, ko su noma tan 24 na alkama su musanya su samu tan 8. Kowa ya samu fiye da abin da hannunsa zai ba shi. Abin da mai ƙarfi yake samu wurin mara ƙarfi ke nan: yana saye masa lokaci. Kwari ta ɗauke wa Tudu aikin da fifikonta a cikinsa ninki ɗaya da rabi ne kacal, ta sake ta ta koma aikin da fifikonta ninki uku ne.

David Ricardo ne ya shimfiɗa wannan a littafinsa na 1817, ko da yake Robert Torrens ya taɓo batun tun 1815. Misalin Ricardo a kan Ingila da Fotugal ne. Ya ce Ingila tana buƙatar aikin mutum 100 na shekara ɗaya don saƙa wani adadin yadi, da mutum 120 don yin wani adadin giyar inabi, yayin da Fotugal ke buƙatar 90 don yadin da 80 don giyar. Fotugal ta fi a duka biyun, amma ta fi fi a giya, don haka ita ta yi giya, Ingila ta yi yadi. Sai dai ga inda tambayarka ta biyu ta shigo: Ricardo ya ɗauka kawai cewa za a ba da yadin mutum 100 a karɓi giyar mutum 80. Bai bayyana dalilin da zai sa ciniki ya tsaya a nan ba. Haka ni ma na yi maka ɗazu, na jefo tan 3 daga sama. Yanzu sai mu nemo inda ukun ta fito.

Abu na farko, akwai katanga biyu. Tudu ba za ta sallama tan na ƙarfe a ƙasa da tan 2 na alkama ba, domin in an taya mata ɗaya da rabi gara ta noma abarta. Kwari ba za ta biya sama da tan 4 ba, domin in an ce biyar gara ta narka nata. Saboda haka farashin duniya dole ya zauna tsakanin 2 da 4. Iyakar abin da fifiko na kwatance yake iya gaya maka ke nan. Ya nuna wanda zai sayar da me, ya kafa katangu, amma bai ce ga inda za a tsaya a cikin filin ba. Kuma inda aka tsaya shi ne rabon ribar. In farashi ya matsa kusa da 4, Tudu ta kwashe kusan komai. In ya matsa kusa da 2, Kwari ce ta sha romon.

John Stuart Mill ne ya cike wannan gurbi, a rubutunsa da ya fito a 1844 da kuma babban littafinsa na 1848. Amsarsa: buƙatar juna. A cinikin ƙasa da ƙasa, abin da kake sayarwa shi ne kuɗin da kake sayen abin da kake so. Alkamar da Kwari ke fitarwa ita ce buƙatarta ta ƙarfe, ƙarfen da Tudu ke fitarwa shi ne buƙatarta ta alkama. Farashi zai yi ta motsi har sai ya kai inda abin da wannan ke son bayarwa ya yi daidai da abin da wancan ke son karɓa. Daga baya Alfred Marshall ya zana wannan da layuka biyu masu lanƙwasa da ke haɗuwa a wuri ɗaya, waɗanda watakila ka gani a littafinku. Ni dai na fi son ɗalibi ya fara ganin abin da lambobi kafin zane.

A ce Tudu tana da ma'aikata 400, Kwari tana da 900. A ce kuma mutanen ƙasashen biyu suna kashe rabin abin da suka samu a kan alkama, rabi a kan ƙarfe. Kafin ciniki, kowace ta raba ma'aikatanta biyu: Tudu na da alkama tan 2,400 da ƙarfe tan 1,200, Kwari na da alkama tan 3,600 da ƙarfe tan 900. Da aka buɗe iyaka kowace ta koma ga abin da ta fi ƙwarewa, sai duniya ta samu ƙarfe tan 2,400 daga Tudu da alkama tan 7,200 daga Kwari. Tunda rabi da rabi ake kashewa, dole darajar duk ƙarfen ta yi daidai da darajar duk alkamar. Raba 7,200 da 2,400, ka samu 3. Ga ukunmu. Tudu ta tura ƙarfe tan 1,200 ta karɓi alkama tan 3,600. Ta ƙare da ƙarfenta yadda yake, alkama kuma ta ƙaru da tan 1,200. Kwari ta ƙare da alkamarta yadda take, ƙarfe ya tashi daga 900 zuwa 1,200. Ba a ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba, ba a kawo sabuwar na'ura ba, an dai sake rabon aiki.

Ba wanda ya zauna ya yanke ukun nan. Da a ce an fara da biyu da rabi, masu neman ƙarfe za su fi ƙarfen da ke kasuwa yawa, a yi ta ƙarin tayi har ya hau. Da an fara da uku da rabi, ƙarfe zai yi kwantai, masu shi su riƙa sassautawa har ya sauko. Abubuwa uku ne suka haɗu suka haifi farashin: ƙwarewar kowace ƙasa, girmanta, da yadda mutane ke son kowane kaya. Taɓa ɗaya daga ciki, farashi ya motsa.

A nan ne batun ya fi daɗi, don haka bari in ɗan daɗe. A ce manoman Kwari sun samu ingantaccen iri, kowane ya tashi daga tan 8 zuwa tan 10. Alkamar duniya ta zama tan 9,000, ƙarfe yana nan a 2,400, farashi ya koma 3.75. Kwari ta tura rabin amfaninta, tan 4,500, ta karɓi ƙarfe tan 1,200, daidai abin da take karɓa da. Ta ƙaru, gaskiya ne, domin alkamar da ta rage mata a gida ta tashi zuwa 4,500. Amma dubi Tudu: ba ta yi komai ba, alkamar da ke shigo mata ta ƙaru da tan 900. Rabin gumin manomin Kwari ya tsallaka iyaka ta hanyar faɗuwar farashi. In ka sa buƙatar ta zama irin wadda ba ta ƙaruwa sosai ko kaya sun yi araha, kamar yadda yake a yawancin kayan abinci da ɗanyen kaya, faɗuwar farashin tana iya cinye ƙarin gaba ɗaya har ta taɓa uwar kuɗi. Jagdish Bhagwati ya nuna a 1958 cewa a ƙa'ida ƙasa tana iya ƙara yawan abin da take fitarwa ta wayi gari ta fi da talauci. Sharuɗɗan faruwar hakan masu tsauri ne: dole ƙasar ta zama babba a kasuwar wannan kaya, ta dogara da shi ƙwarai, buƙatarsa kuma ta zama mai taurin kai. Ba kasafai suke haɗuwa duka ba, amma ɗan abin da ke faruwa daga cikinsu ya isa ya sa manomi ya yi shekarar albarka ya ƙare da aljihu mara nauyi.

Wannan damuwa ce ta sa Raúl Prebisch na Ajantina da Hans Singer, kowane a nasa ɓangaren, suka fito a wajen 1950 da hujjar cewa farashin ɗanyen kaya yana ja baya a tsawon lokaci idan aka gwada shi da na kayan masana'antu. Dalilin da ya fi ƙarfi a ganina shi ne na buƙata: in mutum ya yi arziki ba ya ninka abincin da yake ci, amma yana ninka na'urori da kayan alatu. An daɗe ana jayayya a kan ko alƙaluma sun gaskata su, kuma amsar tana bambanta daga kaya zuwa kaya. Shekarun da suka biyo bayan 2000 sun nuna yadda abin ke iya juyawa: da Sin ta shiga gine-gine da masana'antu gadan-gadan, ta kuma shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ƙarshen 2001, farashin tama da tagulla da kwal ya yi sama, na tufafi da kayan lantarki ya yi ƙasa. Ostareliya, mai sayar da tama da kwal, ta ga ma'aunin musayarta, wato farashin abin da take fitarwa in an gwada shi da na abin da take shigowa da shi, ya kai ƙololuwa a 2011. Ƙasar ba ta sauya ba, ma'adinan suna nan inda suke tun da. Mai saye ne ya ƙaru.

Girma ma yana aiki ta hanyar da mutane ba sa zato. Koma lambobinmu na farko, ka ƙara ma'aikatan Kwari daga 900 zuwa 1,200. Alkama ta zama tan 9,600, farashi ya kai 4 cif, wato ya jingina da katangar Kwari. A nan mutumin Kwari ba ya samun komai daga ciniki, domin abin da zai biya a waje shi ne abin da zai kashe in ya yi da kansa. Duk ribar ta tafi Tudu. In Kwari ta ƙara girma, farashi ba zai wuce 4 ba, sai dai wasu ma'aikatanta su koma narka ƙarfe, saboda ƙarfen Tudu bai isa kowa ba. Abin da wannan ke nufi shi ne ƙaramar ƙasa da ke ciniki da babba tana sayarwa da saye a farashin babbar, wanda ya yi nisa da nata na gida, kuma nisan nan shi ne ribar. Mill da kansa ya lura cewa ƙasashe mafiya arziki su ne suka fi samun ƙaramar riba daga adadi ɗaya na ciniki, saboda ƙarfin buƙatarsu yana juya farashi a kansu. Kada ka ɗauki wannan a matsayin cewa ƙananan ƙasashe kullum suna cikin daɗi. Wanda ba ya iya motsa farashi shi ne kuma wanda ba ya iya kare kansa ranar da farashin ya faɗi.

Za ka iya cewa, Malam, ai ɗan kasuwa ba ya lissafin abin da ƙasa ta haƙura da shi, kuɗi kawai yake kallo. Haka ne, kuma wannan ita ce gadar da ɗalibai da yawa ba sa hayewa. Albashi da darajar kuɗi su ne ke mayar da fifiko na kwatance ya zama araha da ido ke gani. A ce ma'aikacin Kwari yana karɓar dala 8,000 a shekara, na Tudu dala 18,000. Tan na alkama a Kwari zai tsaya dala 1,000, a Tudu 1,500. Tan na ƙarfe a Tudu 3,000, a Kwari 4,000. Ɗan kasuwar da bai taɓa jin sunan Ricardo ba zai sayi alkama a Kwari ya sayi ƙarfe a Tudu, kuma 3,000 a kan 1,000 ukun nan ce dai. To in da albashin ɗaya ne fa? Komai zai fi araha a Tudu, Kwari ta yi ta saye ba ta sayarwa, kuɗi su yi ta fita. Hakan ba ya ɗorewa. Ko dai darajar kuɗin Kwari ta faɗi, ko albashinta ya sauko, ko na Tudu ya hau, har sai alkamar Kwari ta shiga kasuwa. David Hume ya bayyana irin wannan gyaran kai tun 1752, a zamanin da zinariya ce ke yawo tsakanin ƙasashe. Albashin Tudu dole ya zauna tsakanin ninki ɗaya da rabi da ninki uku na albashin Kwari, wato tsakanin fifikonta a gona da fifikonta a masana'anta. A misalinmu ya tsaya a ninki biyu da rubu'i.

Wannan lissafi ɗaya yana amsa tsoro biyu da ake yawan ji. Mai arziki yana tsoron ƙasar da albashinta ke ƙasa za ta ƙwace masa duk sana'o'i, matalauci yana tsoron ƙasar da ta fi shi na'urori za ta hana shi sayar da komai. Tudu mai tsadar albashi tana sayar da ƙarfe mafi araha, Kwari mai ƙarancin ƙwarewa tana sayar da alkama mafi araha. Amma ina so ka riƙe ɗaya gefen da kyau: ciniki bai daidaita su ba. Mutumin Kwari ya fi da, amma har yanzu yana bayan na Tudu nesa, kuma abin da zai rufe wannan rata shi ne ƙaruwar abin da hannunsa ke iya samarwa a shekara.

A duniyar gaske kaya ba biyu ba ne, dubbai ne. Ƙa'idar ba ta rushe ba: jera kayan daga wanda ƙasa ta fi fifiko a kansa zuwa wanda fifikonta ya fi ƙanƙanta, sai bambancin albashi ya yanke layin a wani wuri, na sama ta fitar, na ƙasa ta shigo da su. Waɗanda ke tsakiya, inda ratar ba ta kai kuɗin jirgi da inshora da harajin kwastam ba, kowa ya yi nasa a gida. Kuma da wuya ƙasa ta bar wata sana'a ɗungum kamar yadda Tudu ta bar noma, domin in kana faɗaɗa abu tsadarsa tana hawa: gona mai kyau ta ƙare a shiga mara kyau, ma'adinin da ke kusa ya ƙare a haƙa mai zurfi. Gottfried Haberler ne ya sake gina ƙa'idar a 1930 a kan abin da aka haƙura da shi, ba tare da dogara ga ƙidayar aikin hannu kaɗai ba.

Ko an taɓa ganin wannan da ido? Wuri mafi kyau shi ne Japan. Ta shafe fiye da shekara 200 kusan a rufe, sai aka tilasta mata buɗe tashoshin jiragenta a 1859. Saboda an adana bayanan farashin kaya na lokacin da take rufe, Daniel Bernhofen da John Brown sun iya gwada ƙa'idar kai tsaye a binciken da suka buga a 2004. Abin da suka tarar shi ne Japan ta fitar da kayan da ke da araha a gida in an gwada da waje, musamman siliki da ganyen shayi, ta shigo da waɗanda ke da tsada, irin su yadin auduga da na ulu. Farashin siliki ya hau a cikin gida, na yadin auduga ya sauko. Masu kiwon tsutsar siliki suka samu, masu kaɗi da saƙar auduga suka ji a jikinsu.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce abin da ban yarda a ɓoye wa ɗalibi ba. In an ce ƙasa ta ci riba, ana nufin abin da masu samu suka samu ya fi abin da masu asara suka rasa. Ba a ce an biya masu asarar ba. A misalinmu na ɗauka manomin Tudu zai ajiye garma yau ya shiga masana'anta gobe, alhali mutum mai shekara hamsin da iyali da gida a garin da sana'arsa ta mutu ba ya tashi haka. Eli Heckscher a 1919 da Bertil Ohlin a 1933 sun danganta fifikon ƙasa da abin da take da shi da yawa, ƙasar noma ko jari ko ma'aikata, sannan Wolfgang Stolper da Samuelson suka nuna a 1941 cewa in buɗe ciniki ya sauya farashin kaya, masu abin da ke da yawa a ƙasar suna ƙaruwa, masu abin da ke da ƙaranci suna raguwa. Rigimar da aka yi a Birtaniya kan dokokin hana shigo da hatsi, waɗanda aka soke a 1846, wannan ce: masu gonaki suna son hatsi ya yi tsada, masu masana'antu suna son ya yi araha. Binciken David Autor da David Dorn da Gordon Hanson na 2013 ya nuna cewa yankunan Amurka da kayan Sin suka fi yi wa gasa sun rasa ayyukan masana'antu, kuma raunin bai warke da wuri ba. A ra'ayina duk wanda zai kare buɗe ciniki da hujjar Ricardo, wajibi ne ya faɗi yadda za a yi da waɗannan mutane, in ba haka ba rabin hujjar ya ɗauka.

Akwai kuma lokacin da ba kasuwa kaɗai ke magana ba. Mai riƙe da babban kaso na wani kaya yana iya tura farashi zuwa katangar abokin cinikinsa da gangan. Tsakanin Oktoban 1973 da farkon 1974 gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12, bayan ƙasashen Larabawa masu mai sun rage haƙowa kuma OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, ta ɗaga farashi. Amma katangar ta yi aikinta a hankali: tsadar ta sa aka haƙo mai a Tekun Arewa da Alaska, aka ƙera motoci masu ƙarancin sha, a 1986 farashin ya faɗi da fiye da rabi. Babbar ƙasa mai saye ita ma tana iya yin makamancin haka da harajin kwastam, ta rage saye har mai sayarwa ya sassauta. A takarda dabarar tana ci, matuƙar abokin ciniki bai rama ba. Yakan rama, kamar yadda aka gani bayan harajin Smoot da Hawley na Amurka a 1930, kuma tsoron irin wannan ramuwar gayya yana cikin abin da ya haifar da GATT, yarjejeniyar ƙasashe kan harajin kwastam da ciniki, a 1947.

Lambobin da na ba Tudu da Kwari ma ba gado ba ne da ba ya sauyawa. Koriya ta Kudu ba ta da isasshiyar tama ko kwal ɗin narka ƙarfe, amma ta kafa kamfanin POSCO a 1968, ya fara aiki a 1973, ta zama cikin manyan masu ƙarfe da ƙera jiragen ruwa a duniya. Ƙasashe da dama sun gwada irin wannan hanya suka ƙare da masana'antun da ba sa iya tsayawa sai da tallafi. Ƙa'idar tana gaya maka abin da ya fi araha yau, tambayar yadda za a sauya lambobin gobe kuwa darasi ne na daban mai tsawo.

Kafin ka rufe takardar, ga aiki ɗaya. Bar Kwari da ma'aikata 900, ka ninka na Tudu su zama 800. In duk suka shiga masana'anta za a samu ƙarfe tan 4,800, farashi ya nemi faɗuwa zuwa ɗaya da rabi. A wannan farashi ma'aikacin ƙarfe tan 9 na alkama zai samu, manomi kuwa 12, don haka wasu za su koma gona har farashi ya tsaya a 2. Lissafa ka gani ko za ka samu abin da na samu: mutum 100 a gona, 700 a masana'anta, Tudu ba ta ƙaru da komai ba, Kwari kuma ta tashi daga ƙarfe tan 900 zuwa tan 1,800.